Turbo: yadda ake zaɓen bawul mai daidaita matsin iska da yadda ake ɗaura shi

Yawancin motocin gazuwal da ake shigowa da su ƙasar nan ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome turbo gare su, haka ma da dama daga cikin ƙananan motocin esansi na ƴan shekarun nan. Shi ya sa wani koke ya zama ruwan dare a garejojin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mota na cikin tafiya lafiya lau, direba ya taka totur zai wuce babbar mota, sai ƙarfi ya ɗauke kamar an riƙe ta ta baya, fitilar inji ta kama a tablo. In aka kashe ta aka sake tayarwa sai ta dawo daidai, bayan ƴan kilomita kuma ta maimaita.

Amsar da mai mota ya fi ji ita ce turbo ya mutu. Sau da yawa kuwa lafiyar turbon ƙalau. Abin da ya gaji wani ɗan bawul ne da bai fi akwatin ashana girma sosai ba, ko ma siririn tiyon roba da ke haɗe da shi. Makanikai na kiransa elektiroban ɗin turbo. Kuɗinsa ɗan kaso ne na kuɗin sabon turbo, amma idan aka sayi wanda bai dace ba, ko aka juya tiyoyinsa wajen ɗaurawa, yana iya jawo asarar injin gaba ɗaya.

Yadda turbo ke aiki

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai, mai kuma ba ya ƙonewa sai da iska. Aikin turbo shi ne ya cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Fanka biyu gare shi a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma tana juya ta biyu, wadda ke matsa iska cikin inji. Gudun sandar nan yakan haura zagaye 150.000 a minti ɗaya. Dabarar ta daɗe, domin wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ne ya yi mata rajista tun 1905. Sai a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka, a 1978 kuma Mercedes ya fito da ƙaramar motar gazuwal mai turbo, Peugeot ya biyo baya da samfurin 604 a 1979.

Ana auna matsin iska da ma'aunin bar. Iskar da muke shaƙa tana da matsin kusan bar 1, a motocin yau da kullum kuma turbo yakan ƙara tsakanin bar 0,6 da 1,5 a kan wannan, gwargwadon irin injin.

Matsalar turbo ita ce bai san ya isa ba. Ƙarin iska na kawo ƙarin ƙuna, ƙarin ƙuna na kawo ƙarin hayaƙi, hayaƙin kuma ya ƙara wa fanka gudu. In babu abin da zai tsawata masa, zai ci gaba da matsawa har juwan kilas ya ƙone ko piston ya fashe. Saboda haka aka yi masa wata ƴar ƙofa a gefen hayaƙi. Idan matsi ya kai iyaka sai ƙofar ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin ya kauce wa fanka ya wuce kai tsaye. Abin da ke buɗe ƙofar wani ɗan gwangwani ne mai tantanin roba da rasor a ciki, da sandar ƙarfe da ta fito daga gare shi. Da Faransanci huhun turbo ake ce masa.

Shi bawul ɗin da muke magana a kansa yana tsakanin wannan gwangwani da kwamfutar mota. Kwamfuta tana kunna shi tana kashewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ta haka take ƙayyade yawan iskar da ke isa gwangwanin, wato lokacin da ƙofa za ta buɗe da faɗin buɗewar. Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin na cikin na farko da suka sa irin wannan tsari a motocinsu, a 1982. A taƙaice, bawul ɗin mai gadin ƙofa ne.

Iri uku da ya kamata a bambance

Kafin mutum ya sa hannu a aljihu, sai ya san wane tsari ne a motarsa.

Na farko shi ne mai aiki da turin iska. Ana ɗebo iska daga bakin turbo, ta bi ta bawul, ta je ta ture rasor ɗin gwangwani. An fi samunsa a motocin esansi, kamar injin 1.8T na Volkswagen da Audi, inda ake kiran bawul ɗin N75, da kuma tsofaffin motocin gazuwal. A wannan tsari, in wuta ta yanke wa bawul, dukan iska za ta tafi gwangwani, ƙofa ta buɗe da wuri, mota ta yi sanyi amma inji ya tsira. Haɗarin yana ga tiyo. Idan ya tsage ko ya zame, iska ba za ta isa gwangwani ba, ƙofa ta ƙi buɗewa, matsi ya yi ta hawa.

Na biyu shi ne mai aiki da zuƙa. Motocin gazuwal suna da wani famfo da ke zuƙe iska, kuma da wannan zuƙar ake jan sandar gwangwani. Shi ne a injunan HDi na Peugeot da Citroën, da mafi yawan TDI na Volkswagen. A da yawa daga cikinsu babu ƙofa ma, sai wasu ƙananan fukafukai kewaye da fankar hayaƙi, waɗanda ke tsukewa ko buɗewa don ƙara ko rage mata gudu. A nan idan tiyo ya huje, ƙarfi ne ke raguwa.

Na uku babu tiyo sam. Wani ɗan injin lantarki ne manne a jikin turbo yake motsa fukafukan. Haka abin yake a Toyota Hilux da Prado masu injin 1KD mai lita 3, da Land Cruiser V8 na gazuwal. Mai irin wannan mota ba shi da elektiroban ɗin turbo da zai canza, don haka duk wanda ya ce ya kawo kuɗin sayensa, sai a nemi ya nuna inda yake.

Akwai kuma wani bawul na daban a motocin esansi, wanda ke sakin iska lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, shi ne ke yin wannan hucin da matasa ke so. Ba shi ke daidaita matsi ba, kada a haɗa su.

A bincika kafin a saya

Rashin ƙarfi ba ya nufin lalle bawul ne. A fara da sa na'urar bincike, wadda ake kira baliz. Lamba P0299 tana nufin matsi ya gaza, P0234 tana nufin ya wuce kima, P0045 da P0243 kuma suna nuni ga wayar bawul ɗin ko shi kansa. Lambar tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne kawai, gano dalili aikin makaniki ne.

Daga nan sai tiyoyi. Zafin watannin Afirilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a inuwa, in ya haɗu da zafin inji, yana busar da roba har ta tsattsage, musamman a bakin da aka cusa ta. A bi kowane tiyo da hannu daga farko har ƙarshe, a lanƙwasa shi a gani. A duba manyan tiyoyin da ke kai iska inji da radiyaton da ke sanyaya ta, domin tabon baƙin mai a jikinsu alama ce ta yoyo. A duba filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa.

Sai gwangwani. A tsarin zuƙa, ana gwada shi da ɗan famfon hannu mai agogo. Sandar ta tafi sumul ba tare da cijewa ba, ta kuma tsaya inda take muddin ba a saki zuƙar ba. Idan tana cijewa, fukafukan ne suka cushe da baƙin hayaƙi, abin da ke yawan samun motar da ba ta fita daga cikin gari. Wanke su ake yi, sabon bawul ba zai yi maganin wannan ba. A tsarin turi kuwa, a gwada da iska kaɗan tare da agogo. Kada a kuskura a sa iskar mai facin taya kai tsaye, domin ƙarfinta ya ninka abin da tantanin zai iya ɗauka sau da yawa.

Akwai alama guda da ba a wasa da ita. A motar gazuwal, famfon da ke ba turbo zuƙa shi ne dai ke taimaka wa birki. Idan turbo ya yi sanyi kuma birki ya yi tauri a lokaci guda, a ajiye motar a duba famfon da babban tiyonsa kafin a sake hawa titi.

A ƙarshe sai bawul ɗin kansa. A cire fish ɗinsa a auna da mita. Yawancinsu suna nuna tsakanin om 14 da 35, gwargwadon iri, kuma ainihin adadin yana cikin littafin gyaran motar. In mita bai nuna komai ba, wayar ciki ta tsinke.

Kama da wane ba ta wane

Idan ta tabbata bawul ne, a saye shi da lamba. Kowane bawul yana da lambar kamfanin mota da ta kamfanin da ya ƙera shi, kamar Pierburg ko Denso, a rubuce a jikinsa. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, tare da lambar shasi da ke cikin kartigiris. Mota iri ɗaya, ta shekara ɗaya, tana iya zuwa da inji mai ƙarfi daban-daban, kowanne da nasa bawul.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, bawuloli biyu suna iya zama kamar an tsaga kara a ido, fish ɗaya, baki uku-uku, amma faɗin ramukan ciki da yadda suke amsa umarnin kwamfuta ya bambanta. A motocin Peugeot da Volkswagen, bawul ɗin da ke kula da mayar da hayaƙi cikin inji yana zaune kusa da na turbo, kuma sun yi kama ƙwarai. In aka ɗaura wani a madadin wani mota za ta tashi, har ta yi tafiya, amma matsi zai riƙa hawa da sauka, kwamfuta kuma ta riƙa yanke ƙarfi. Na turi da na zuƙa kuwa ba sa musanyuwa ko kaɗan, haka ma na bolt 12 da na bolt 24 na manyan motoci.

Ɗan Kwatano na asali da aka ciro daga wata mota yana iya yin aiki, amma a tuna shi ma ya sha shekaru. A auna shi da mita a gaban mai sayarwa, a duba bakunansa ko sun tsage, a kuma yi sharaɗin mayarwa in bai yi ba. Sabo fil da ba shi da lamba ko sunan kamfani a jiki, ga shi arha kamar kyauta, a bar shi a wurin. Araha ba ta ado.

Yadda ake ɗaurawa

A bari inji ya huce, a zare makulli. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton wurin da waya, a sa wa kowane tiyo alama da fenti ko zare mai launi. Mafi aminci shi ne a riƙe sabon bawul kusa da tsohon, a riƙa cire tiyo ɗaya ana mayar da shi a gurbinsa kafin a taɓa na gaba. Idan tiyo ya manne, a murɗa shi a hankali ko a tsaga bakinsa da reza, domin bakunan bawul roba ce mai saurin karyewa.

A jikin bawul ɗin zuƙa galibi akwai rubutu. Bakin da aka rubuta VAC na tiyon da ya fito daga famfo ne, mai OUT shi ke zuwa gwangwani. Baki na uku na shaƙar iskar waje ne, kuma yana da ɗan ƙaramin filta ko tiyon da ke komawa akwatin filtar iska. A ƙasa mai ƙura irin tamu, wannan baki na uku shi ne ajalin bawuloli da yawa. In aka bar shi a buɗe, ƙura za ta shiga ta cinye cikinsa. In kuma aka toshe shi, zuƙa ba za ta saki ba, turbo ya tsaya a cikakken ƙarfi.

Tunda an riga an buɗe wurin, gara a canza tsofaffin tiyoyin gaba ɗaya da masu faɗin ciki iri ɗaya, waɗanda aka yi don jure zafi. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti da wasu ke sawa yana laushi ya manne da zarar inji ya ɗau zafi. Kafin a jefar da tsohon tiyo a matsa shi a ji, domin a wasu motocin Japan akwai wani ɗan ƙarfe mai siririn rami a ciki, wanda kamfani ya sa da gangan don rage gudun iska. Dole a mayar da shi cikin sabon. A tsarin turi, kowane baki a ɗaure shi da koliye, saboda matsi na iya tunkuɗe tiyo. Kada tiyo ya yi tsawo fiye da kima, kada ya lanƙwashe, kada kuma ya kusanci bututun hayaƙi, inda zafi ke haura digiri 700. A mayar da bawul kan mazauninsa na asali, kada a bar shi yana reto a jikin waya.

Akwai goro a jikin sandar gwangwani da ake iya ƙara ko rage tsawonta da shi. Kamfani ya riga ya daidaita shi, a bar shi yadda yake.

Bayan ɗaurawa a goge lambobin kuskure da baliz, a fita gwaji mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon na'ura. A giya ta uku ko ta huɗu, a taka totur daga wajen zagaye 1.500, a kwatanta matsin da kwamfuta ke nema da wanda take samu. Ya kamata su riƙa tafiya kusa da juna. A lura cewa baliz yakan haɗa da matsin iskar duniya a lissafinsa. Kafin a tayar da inji zai nuna wajen milibar 950 zuwa 1.000, don haka in ya nuna 2.000 a kan hanya, turbo bar 1 ne yake bayarwa. In aka ga matsi ya zarce abin da ake nema yana ci gaba da hawa, a ɗaga ƙafa nan take a koma a duba tiyoyi.

Masu neman ƙarin ƙarfi

Akwai wasu bawuloli da ake sayarwa musamman don ƙara matsi. Wasu da hannu ake murɗa su, suna ɓoye wa gwangwani wani ɓangare na iska don ƙofa ta makara wajen buɗewa. Wasu na lantarki ne, masu baki uku ko huɗu, da ƴar na'urarsu a cikin mota. Duk a tsarin turi suke aiki. Ba sa iya sauke matsi ƙasa da ƙarfin rasor ɗin gwangwani, sama kawai suke kai shi, kuma masu sana'ar sukan ce kada a nemi fiye da ninki biyu na ƙarfin rasor. Wanda ya ɗaura irin wannan ba tare da agogon matsi a gabansa ba, tafiya yake cikin duhu.

Kafin mai mota ya yarda a yi masa wannan, ya yi la'akari da abu uku. Na ɗaya, iska tana zafi idan aka matse ta. Wadda ta shiga turbo da digiri 40 tana iya fitowa da fiye da 130 a matsin bar 1, kuma radiyaton da zai sanyaya ta shi ma da iskar zafi yake aiki. Ratar kariya da kamfani ya bari, yanayinmu ya riga ya ci wani ɓangare nata. Na biyu shi ne mai. A injin esansi, ƙarin matsi yana buƙatar mai da ke jure matsi, in ba haka ba sai ya riƙa fashewa kafin lokaci, a ji inji na ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan kuwa piston yake ci. Wanda ke shan man ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya ba shi da tabbacin abin da aka zuba masa. Na uku, a injin gazuwal iska kaɗai ba ta ƙara ƙarfin kirki sai an ƙara mai, ƙarin mai kuma yana ƙara zafin hayaƙi. A motocin zamani ma kwamfuta za ta ga matsin ya wuce ta yanke ƙarfi, a koma gidan jiya.

Masu Land Cruiser mai injin 1HZ, irin waɗanda ke bin hanyar Agadas, su ƙara kula. Wannan inji ba da turbo aka ƙera shi ba. Waɗanda ke ɗaura masa daga baya sukan tsaya wajen bar 0,5 zuwa 0,7, tare da agogon zafin hayaƙi. Wanda ya zarce haka da mota cike da kaya a cikin rairayi, garin neman gira zai rasa ido, a wurin da babu gareji kusa.

Ga mai motar da ke neman abincinsa da ita, ko yake ɗaukar iyalinsa daga Yamai zuwa Damagaram, matsin da kamfani ya tsara ya wadatar. Abin da ya rage gare shi shi ne ya sa a riƙa duba ƙananan tiyoyin nan duk lokacin da aka yi juyen mai, a canza filtar iska da wuri a lokacin ƙura, a kuma bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya kafin a kashe. Ranar da aka ce masa turbo ya mutu, ya tambayi lambar da baliz ya nuna, ya nemi a gwada tiyoyi da gwangwani da bawul a gabansa, sannan a yi maganar kuɗi.